Tsarin mulki ya ba ma'aikaci 'yancin yajin aiki, ko ƙungiya kawai ya ce a kafa?

Lebura_Sharaɗa
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma abin ya hana ni barci ne shi ya sa na kawo shi nan. Shekarata shida ina aiki a wani kamfanin robobi, har yau sunana ɗan wucin gadi. Bakwai na safe zuwa bakwai na dare muke yi a tsaye gaban inji. Watan jiya inji ya datse wa wani yaro yatsu biyu, ni na naɗe masa hannun da rigata kafin a samo adaidaita. Aka ba shi kuɗin magani aka ce ya je gida ya huta, har yau ba a sake nemansa ba.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar muka zauna a bayan masallaci, mu wajen arba'in, muka rubuta sunayenmu a kan za mu shiga ƙungiya. Takardar ba ta kwana biyu ba labarinta ya isa ofishin manaja. Mutum bakwai da sunansu ke sama suka zo aiki ranar Laraba, maigadi ya ce an ce kada su shiga. Ba takardar sallama, ba ko sisi.

Yanzu kanmu ya rabu. Wasu sun ce mu ajiye aiki mu zauna a bakin get har a dawo da su. Wasu sun ce mota za a kira a kwashe mu. Don Allah masu ilimin doka, tsarin mulkin Najeriya ya ba mu damar yajin aiki da zaman bakin ƙofa, ko bai ba mu ba?

Abban_Khadija
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaron lafiya. Ɗan'uwa, sashe na 40 ya gama magana. Yajin aiki haƙƙinku ne, ku ajiye aikin kawai, babu wanda ya isa ya taɓa ku.

Barista_Zariya
Malam Abban Khadija, a yi a hankali, abincin gida arba'in ake magana a kai. Sashe na 40 na kundin 1999 cewa ya yi kowa na da damar taruwa da hulɗa da wasu, kuma yana iya kafa ko shiga jam'iyya, ko ƙungiyar ƙwadago, ko wata ƙungiya don kare muradunsa. Nan ya tsaya. Ka karanta Babi na 4 gaba ɗaya, babin 'yancin ɗan Adam, ba za ka ga kalmar yajin aiki ba. Sannan sashe na 45 ya zo ya ce ana iya yin doka a taƙaita wannan 'yancin saboda tsaro, zaman lafiya, lafiyar jama'a ko haƙƙin wasu.

Inda kalmar ta fito fili shi ne sashe na 254C, wanda aka shigar a gyaran 2010 da ya ɗaukaka Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kuma a can ma an ambace ta ne wajen ba kotun ikon yin umarnin hana shiga yajin aiki. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Amma Malam Lebura, maganarku ta farko tana da ƙarfi sosai. Korar mutum don ya shiga ƙungiya ta saɓa wa sashe na 9(6) na Dokar Ƙwadago kai tsaye. Wucin gadi ba ya hana mutum shiga ƙungiya, kotun ma'aikata ta yanke hukunci a kan haka. Sashe na 7 kuma ya wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da ɗaukarsa. Kai kana shekara shida.

Abban_Khadija
Na gode da gyara Barista. Amma ni dai hankalina bai ɗauka ba. Mene ne amfanin ƙungiyar da ba ta iya ajiye aiki? Ai ta zama ƙungiyar adashe da gaisuwar mutuwa.

Barista_Zariya
Hujjar da lauyoyin ƙwadago ke kawowa ke nan, kuma hujja ce mai kyau: tunda an ce don kare muradu, to makamin karewar yana ciki. Suna ƙarawa da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya masu lamba 87 da 98, waɗanda Najeriya ta amince da su tun watan Oktoban 1960, ga shi kuma 254C ya ba kotun damar aiki da irin waɗannan yarjejeniyoyi. Sai dai hujja daban, rubutu ƙarara daban. Abin da aka bar wa fassara, alƙalin da ka tarar ranar shi zai fassara.

Tsohon_Masaƙi_Kakuri
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Shekara ashirin da huɗu na yi a masaƙa a Kaduna. Lokacin da muka shiga, in aka busa tashi za ka ga kekuna sun cika titin Kakuri kamar an saki ruwa, mai tuwo da mai kunu duk da mu suke ci. Ƙungiyarmu ta ma'aikatan masaƙu tana da ƙarfi, Adams Oshiomhole ne babban sakatarenta kafin ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1999. Ban taɓa riƙe kundin tsarin mulki a hannuna ba a shekarun nan, yawancinsu ma sojoji ke mulki. Abin da ya kare mu shi ne in aka taɓa mutum ɗaya a sashen rini, sashen saƙa ma ya kashe inji. Manaja ya san haka, shi ya sa yake kiran wakilanmu a zauna.

Da masaƙu suka fara mutuwa, ƙarfin ya tafi da su. Inda na yi aiki an rufe, kuɗin sallamarmu muka yi ta bi shekara da shekaru, abokaina da yawa sun rasu ba su gani ba. Yajin aiki yana cin wanda ke son injinsa ya juya ne. Wanda ya riga ya rufe ya tafi, da me za ka tsorata shi?

Ɗana Lebura, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku nawa ne a kamfanin gaba ɗaya? In ku ɗari uku ne kuma arba'in suka rubuta suna, lokaci bai yi ba.

Lebura_Sharaɗa
Baba, da masu aikin dare mun kai ɗari biyu da wani abu. Da yawa suna tare da mu a zuci, tsoro ne ya hana su sa hannu. Kullum da safe akwai samari sun fi talatin a bakin get suna jiran a ce ana neman hannu.

Ummu_Sadiq
Ni ku gafarce ni, duk lokacin da na ji an ce yajin aiki gabana faɗuwa yake. Ɗana yana ajin ƙarshe a jami'a ASUU ta shiga yajin 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas yaro na zaune a gida, kuɗin hayar ɗakin da muka biya ya ƙone, abokansa da iyayensu ke da hali sun koma masu zaman kansu. Na ga yadda ya rame, ya daina fita ko masallaci sai an yi masa magana. Shi wane sashe ne ya kare shi? Ba ina nufin su Malam Lebura ba, nasu zalunci ne a fili. Amma a daina magana kamar yajin aiki ba ya cin kowa sai gwamnati.

Dr_Gwale
Hajiya, wallahi na ji zafin maganarki, kuma ba zan ce ki yi haƙuri kawai ba. Ina cikin waɗanda suka yi wannan yajin. 'Ya'yana biyu ma suna jami'ar gwamnati, tare muka zauna a gida. An tsayar mana da albashi a ƙarƙashin dokar ba aiki ba biya, sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago. Na sayar da motata a wata na biyar. Abin da muke nema tun yarjejeniyar 2009 ake jan mu a kansa.

Ga yadda aka ƙare, kuma ya shafi tambayar da aka yi: ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, ya kai mu kotun ma'aikata, ranar 21 ga Satumba kotu ta ce mu koma aji. Muka ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ce sai mun bi umarnin tukuna. A cikin watan Oktoban kuma gwamnati ta yi wa wasu ƙungiyoyi biyu rajista a cikin jami'o'i, CONUA da NAMDA. A 2023 kotun ta ce gwamnati na da ikon riƙe albashin. Daga baya aka saki na wata huɗu, da sunan afuwa. To in ƙungiya mai furofesoshi da manyan lauyoyi haka ta kasance da ita, ki auna leburan kamfanin roba.

Ummu_Sadiq
Allah ya saka maka Malam, na fahimta. Amma har yanzu ina ganin da an samu hanyar da za ta ci gwamnati ba ɗalibi ba.

Nas_Aisha_Bichi
Anti Ummu Sadiq, mu a asibiti wannan tambayar muke kwana da ita. Doka ta sa mu cikin masu aikin da ba a iya rayuwa sai da shi, tare da ruwa da wuta, kuma gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyi a 2005 ya haramta mana yajin aiki. To amma me aka ba mu a madadi? Ni kaɗai na taɓa kwana da marasa lafiya talatin da ɗaya a ɗaki, fitilar waya a bakina ina neman jijiyar jariri. Mun rubuta takarda ta fi goma. Ba a taɓa kiranmu zama ba sai ranar da muka ba da wa'adi. In za a hana ni ajiye aiki saboda ran mutane, na yarda, amma a ɗaure gwamnati ita ma da doka ta cika alkawarin da ta sa wa hannu.

Sani_Mai_Shago
Mahaifiyata ta rasu ana yajin likitoci. Asibiti biyu muka je aka ce ba kowa, kafin mu haɗa kuɗin na kuɗi ta cika a mota. Kwana ya ƙare, na sani. Amma ni ba zan taɓa goyon bayan a rubuta yajin aiki a tsarin mulki ba in har ya haɗa da asibiti.

Nas_Aisha_Bichi
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Ba ni da abin da zan ce maka Yaya Sani.

Mushe_Maraɗi
Allah ya gafarta mata. 'Yan'uwa na Najeriya, ku bari in ba ku namu labarin daga Nijar. Mu an rubuta shi ƙarara. Kundin Jamhuriya ta Bakwai na 2010, aya ta 34, ta ce ƙasa ta amince kuma ta lamunce 'yancin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, da 'yancin yajin aiki. Sai dai ta ƙara da cewa bisa sharuɗɗan da dokoki suka shimfiɗa, kuma ta wannan ƙofar ake shigo mana. Na koyar shekaru a matsayin ɗan kwantaragi, in muka yi yaji a yanke kwanakin daga ɗan abin da ake ba mu, wanda da ma ba ya zuwa a kan lokaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma an dakatar da kundin baki ɗaya.

Duk da haka ba na raina rubutun. Ba kyauta aka ba mu ba. Bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy a Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ɗalibai su suka matsa har aka yi babban taron ƙasa na 1991. Lokacin da kundin ke aiki, in shugaban lakwal, wato makaranta, ya yi maka barazana kana da ayar da za ka karanta masa, kuma ya san da ita.

Kwamared_Tudunwada
Madalla Mushe. Abin da nake faɗa wa matasa ke nan, haƙƙin nan da jini aka saye shi. A yajin 1945 Turawa suka harbe masu haƙar kwal a Inugu.

Malam_Tarihi
Kwamared, ka haɗa abu biyu. Yajin gama-gari na 1945 shi ne wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, ma'aikatan jirgin ƙasa a gaba, a kan kuɗin tsadar rayuwa bayan yaƙin duniya, ya ɗauki sama da kwana arba'in. Harbin mahaƙar Iva Valley a Inugu kuwa 18 ga Nuwamban 1949 ne, aka kashe mutum 21. Sai kuma babban yajin 1964 a kan rahoton kwamitin Morgan na duba albashi.

Abin lura a tarihinmu shi ne duk gwamnatin da ƙwadago ya takura mata, doka take ɗauka. Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988. Abacha ya sake rushe shi a 1994 tare da na ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, saboda yajin da suka yi kan soke zaɓen 12 ga Yuni, aka tsare babban sakataren NUPENG Frank Kokori a kurkukun Bama, bai fito ba sai 1998. Farar hula ma ba su bari ba: bayan yaje-yajen farashin mai na zamanin Oshiomhole ne gwamnatin Obasanjo ta kawo gyaran 2005.

Kwamared_Tudunwada
Na karɓi gyara Malam, na gode. Kuma a kan 2005 ɗin nan nake son Barista ya yi wa su Lebura bayani, don ita ce za a ɗauko a doke su da ita.

Barista_Zariya
Haka ne. Gyaran ya ce kafin a shiga yaji dole rikicin ya zama a kan haƙƙin da ke cikin kwantiragi ko yarjejeniyar da aka karya, dole a bi matakan sulhu da Dokar Rikicin Ƙwadago ta tsara, kuma dole a kaɗa ƙuri'a mafi yawan 'yan ƙungiya masu rajista su amince. Wanda ya saɓa, tarar naira 10,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Matakan sulhun nan kuwa dogaye ne: mai shiga tsakani, sai minista, sai kwamitin sasanci, sai kotu, kuma ana cikin su doka ta hana yaji. Shi ya sa da wuya ka ga yajin da gwamnati ba za ta iya kiransa haramtacce ba.

Zaman bakin ƙofa kuma, doka ta yarda a tsaya kusa da wurin aiki a isar da saƙo, a roƙi mutum cikin lumana kada ya shiga. Ba ta yarda a tare hanya ba, ko a sa kwaɗo a get, ko a riƙe rigar wanda ya ce shi zai shiga. Da kun taɓa ɗaya daga cikin samarin nan masu jiran aiki, maganar ta tashi daga ta ƙwadago ta koma ta laifi. Batun neman izinin 'yan sanda kafin taro kuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shi tun 2007 a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar na 'yan sanda, wadda ta samo asali daga taron da aka tarwatsa a Kano a 2003.

Alhaji_Bompai
Ni ƙaramin wurin sarrafa gyaɗa gare ni, ma'aikata goma sha takwas. Korar mutum a bakin get ba takarda ba ɗabi'ar kirki ba ce, kuma barin yaron da ya rasa yatsu zalunci ne, Allah zai tambaya. Amma a duba mu ma. Ranar 3 ga Yunin 2024 da ƙwadago suka kashe babban layin wutar ƙasa a kan mafi ƙarancin albashi, ni me na yi? Dizal na saya da kuɗin da zan biya yarana. An sa hannu a kan naira 70,000, masu albashin gwamnati suka samu, mai shayi da mai walda da suka yi asarar kwana biyu ba su samu komai ba. Haka aka yi a Kaduna a Mayun 2021, aka kashe wa gari wuta.

Kwamared_Tudunwada
Alhaji, ina cikin Kaduna a lokacin. Dubban ma'aikata aka sallama kafin mu fito. Yajin gargaɗi na kwana biyar muka kira, gwamnan lokacin El-Rufai ya ce ana neman shugaban NLC na lokacin, Ayuba Wabba, ruwa a jallo, 'yan daba suka far wa jerin gwanonmu da duwatsu, a rana ta uku aka janye don a zauna a Abuja. Wutar da aka kashe ta dame ni, matata ma ƙanƙara take sayarwa. Amma ka faɗa mini, da takarda kawai muka rubuta, wa zai kira zaman? A Janairun 2012 da aka kai litar mai naira 141 daga 65, ba roƙo ne ya dawo da ita 97 ba.

Ɗan_Albasa_Aliero
Mu ma mun taɓa ƙaurace wa kasuwa. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta ce a daina kai kaya Kudu. Kwanaki kaɗan tumatur ya yi tashin gwauron zabo a Legas, nan kuwa kwando ya koma ba a bakin komai ba, yana ruɓewa a gona. An saurare mu, amma manomi ne ya biya. Kuma abin da ya ɓata mini rai, an riƙa tare motocin waɗanda ba su yarda da shirin ba a hanya. Ni na ƙi sayar da kayana, wannan haƙƙina ne. In hana wani sayar da nasa, wannan kuma wani abu ne.

Hafsat_Joburg
Ina karatu a Afirka ta Kudu. Nan sashe na 23 na kundin 1996 ya ce kowane ma'aikaci na da 'yancin kafa ƙungiya, da shiga harkokinta, da yajin aiki, da sunansa. In an bi ƙa'ida yajin ya zama mai kariya, ba a korar mutum saboda shi. Kenya ma ta rubuta a sashe na 41 na kundin 2010. Amma a nan ɗin ne 'yan sanda suka harbe mahaƙa 34 a Marikana ranar 16 ga Agustan 2012. Don haka ina tare da Mushe: a rubuta, amma kada a ɗauka rubutun sulke ne.

Bashir_Bronx
Amurka kuma kundinsu bai ambaci ƙungiyar ƙwadago ba sam. Dokar 1935 ce ta ba ma'aikatan kamfanoni damar, sai Kotun Ƙoli a 1940, a shari'ar Thornhill da jihar Alabama, ta ce tsayawa bakin kamfani da kwalaye cikin lumana yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki. Dokar 1947 ta dawo ta hana ƙungiya matsa wa wani kamfani na daban don ya daina hulɗa da wanda ake rikici da shi. Ma'aikatan gwamnatin tarayya kuwa ba su da damar yaji. A 1981 Shugaba Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 a kan haka.

Ummu_Sadiq
Jama'a mun tafi Amurka mun bar bawan Allah a Sharaɗa. Mutum bakwai na gida ba albashi. Me za su yi gobe?

Barista_Zariya
Gaskiyarki Hajiya. Malam Lebura, ni shawarata kada ku fara da ajiye aiki. Ba sai kun kafa sabuwar ƙungiya ba, wadda sai da mutum 50 da amincewar mai rajista. Akwai ƙungiyar da ta riga ta yi rajista mai kula da ɓangaren robobi da sinadarai, ku je ofishin NLC na jiha a haɗa ku da ita, ita za ta rubuta wa kamfanin. Ku kai ƙorafi a rubuce ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke Kano, ku riƙe kwafi mai hatimi. Kotun ma'aikata na da reshe a Kano. Mutum bakwai ɗin su adana duk abin da ke nuna sun yi aiki a wurin: katin shaida, saƙon shigar kuɗi na banki, hoto da rigar aiki.

Yaron kuma yana da haƙƙi a ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, kuma ba ta ware ɗan wucin gadi ba. A nemo takardun asibitinsa tun yanzu.

Tsohon_Masaƙi_Kakuri
Duk abin da Barista ya faɗa daidai ne, sai dai shari'a tana cin shekaru, tukunya kuma kullum ake ɗora ta. Ku fara haɗa wa mutum bakwai ɗin nan wani abu duk sati, ko ɗari biyu-biyu ce. Waɗanda suka ji tsoro suna kallo. In suka ga wanda aka kora bai kwana da yunwa ba, za su sa hannu. Kuma kada ku sake rubuta sunaye a jere a takarda ɗaya. Mu zagaye muke rubutawa kamar faifai, don kada a gane wanda ya fara.

Malam_Na_Tsangaya
Ina ƙara wa masu kamfani tunatarwa da hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. In mai wurin Musulmi ne, a samu dattawan unguwa da limami su same shi. Wani lokaci abin da takarda ba ta yi ba, kunyar idon manya tana yi.

Abban_Khadija
To ni tambayata ta farko tana nan. Kotu ta hana NLC yaji ranar 5 ga Yunin 2023 bayan cire tallafin mai, tun kafin a fara. Ta hana ASUU. In duk lokacin da aka ɗaga murya gwamnati za ta je ta karɓo umarni, me ya hana 'yan majalisa su saka kalmar a sashe na 40 tunda kullum ana gyaran kundin?

Dr_Gwale
Gyaran kundi sai kashi biyu bisa uku na majalisun jihohi sun yarda, kuma abin da ya shafi Babi na 4 sai kashi huɗu bisa biyar na 'yan majalisar tarayya. Gwamnonin da ake bi bashin albashi su ke riƙe da majalisun jihohin.

Sani_Mai_Shago
In za a saka, a cire asibiti. Ban canza ba.

Nas_Aisha_Bichi
Yaya Sani, in aka ce dole a bar ɗakin gaggawa da na haihuwa a buɗe duk yajin da za a yi, kuma dole gwamnati ta cika yarjejeniya cikin wa'adi ko kotu ta tilasta mata, za ka yarda?

Sani_Mai_Shago
Zan yi tunani a kai.

Lebura_Sharaɗa
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa mutanenmu duk abin da aka rubuta a daren jiya bayan isha'i. Ba a gama yarda ba, matasan cikinmu har yanzu so suke a zauna a get ranar Litinin, sun ce kotu ta masu kuɗi ce. Amma an amince mutum uku za su je ofishin ƙwadago gobe, kuma mun haɗa dubu tara da ɗari huɗu mun raba wa waɗanda aka kora. Masu aikin dare mutum goma sha ɗaya sun ce a sa da su. Na je gidan su yaron, takardar asibiti ɗaya ce kawai a hannun mahaifiyarsa, sauran an ce suna ofishin kamfani.

Barista, in kamfanin ya ce shi bai san mu ba, wani ɗan kwangila ne ya kawo mu, wa za mu kai ƙara? Don albashinmu da sunan wani kamfani daban yake shigowa.

Barista_Zariya
Ku haɗa su duka biyun a ƙarar. Kotun tana duba wanda ke ba ku umarni, da injin wa kuke aiki a kai, da wanda ya ce wa maigadi ya hana mutum shiga. Turo mini hoton saƙon bankin ta akwatin sirri, ka rufe lambar asusun. Takardun yaron kuma ku koma asibitin da aka ɗinke shi ku nemi kwafi daga ɗakin ajiye fayil, da mahaifiyarsa za ku je.